Hannun da Ke Riƙe da Ƙofar Mota

A shekarun da kuɗin mai suka tumbatsa, Alhaji Zailani ya sayi gida a unguwar Barking, can ƙasar Turawa, ya sayi baƙar mota irin wadda in ka murɗa makulli a ƙofa ɗaya, duka huɗun su kulle. Wata rana cikin hunturu, gab da magariba, ya murɗa. Uku suka kulle. Ɗaya ta baya kuwa, ɗan maɓallinta ya sauko a hankali kamar marar lafiya, ya tsaya rabi, ya koma sama.

Aka kai wa Lawal makanike a Deptford. Ya kwance ƙofar, ya canja robobi, ya sa mai. Da rana lafiya lau. Rana na faɗuwa, ƙofa ta ƙi. Lawal ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan fa ba aikin sifana ba ne."

Sai 'yar Alhaji, Shafa'atu, wadda kujerarta ke jikin ƙofar nan, hannunta na dama ya soma mutuwa. Cokali ma ya gagare ta. Likitoci suka ɗauki hoto, ba su ga komai ba. Uwarta Hansai sai dai ta riƙe hannun ta yi ta kallo.

Aka ɗauko Malam Uwaisu daga Stratford. Ya zauna ya yi ta karatu har gidan ya yi tsit. Yarinyar nan da ko gaisuwa da Turanci take amsawa, sai ga Hausar tsofaffi a bakinta.

"Wa ya kwara tafasasshen ruwa a ƙofar mota da almuru, ba bisimilla?"

Hansai ta durƙushe. "Ni ce. Ƙanƙara ce ta riƙe makullin. Wallahi na ɗauka ƙasar Turawa babu ku."

Aljanar ta ce, "Ɗana na jin ɗumi a ƙarƙashin motar. Kin toye masa hannu."

Malam ya ce, "Baiwar Allah, kuskure ne. A yanka miki rago, ki fita."

"Rago zai riƙe wa ɗana ƙwarya? Hannu nake so."

Malam ya ce, "Ba a ciniki da jikin..."

"Ɗauki nawa," in ji Hansai.

Malam ya sunkuyar da kai. Magana ta riga ta fita.

Shafa'atu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Mummy, water." Aka ba ta, ta riƙe kofin da kanta ta shanye. Hansai ta miƙa hannu za ta karɓa, kofin ya zame ya fashe.

Har Hansai ta koma ga Allah, Shafa'atu ce ke ɗaura mata ɗankwali.