Mersiha da Jamusancin Babo

"Sake faɗa, Mersiha! Ba haka ake cewa ba!"

Muryar mijinta Nedim ce a waya, daga Stuttgart ta ƙasar Jamus. Ita tana tsaye a kicin ɗin gidansu na Zenica, gahawa na tafasa, tana fama ta ce "ƙarfe shida nake tashi" da Jamusanci. Harshe ya ƙi juyawa.

"Ni fa na gaji, Nedim..."

"Kin gaji? Tun da muka yi aure ni kaɗai nake karyawa kamar gwauro! Jarrabawar Jamusancin nan ce kawai ta rage a ba ki biza, kin ƙi zuwa."

"To Babo fa? Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Wa zan bar wa shi?"

"Ni wa kika bar wa ni?"

Ƙit, ya kashe.

Washegari bai kira ba. Mako ya shuɗe, shiru. Duk da haka kullum da sassafe sai ta tsaya bakin taga tana maimaita wa kanta: na wanke fuska, na sha gahawa, na makara... hawaye na bin kumatunta.

"Gut geschlafen?"

Ta juya a firgice. Babo ne, mahaifinta, a kan kekensa na guragu, a bakin ƙofa.

"Wato, kin yi barci lafiya? Haka ake jan sa. Ke kina faɗa kamar mai tauna dutse."

Ta san ya yi aikin gini a Jamus tun ba a haife ta ba, amma ba ta taɓa jin harshen a bakinsa ba.

"Duk zamana can, tsohuwar da nake haya a gidanta ce kaɗai take yi mini wannan tambayar," ya ce. "Mahaifiyarki ta ƙi biyo ni saboda jinyar uwarta. Ban ga laifinta ba. Amma da na dawo mun zama baƙin juna, kuma har ta rasu ba mu koma daidai ba."

"Babo, ba zan iya barinka ba..."

"Na riga na kira goggonki Sabaheta, za ta tare nan. Ni da ita mu yi ta faɗa, ko jinina ya motsa. Zauna, 'yar nan! Tambaye ni ƙarfe nawa na tashi."

Tun daga ranar shi ya zama malaminta. Yana tsokanarta, tana dariya, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta ci jarrabawa.

Ranar tafiya bai yarda an kai shi tasha ba. Goshinta kawai ya sumbata, ya kawar da kai.

A Stuttgart ta tarar da Nedim tsaye cikin sanyi, duk ya rame.

"Ki yafe mini, zuciyata. Kunya ce ta hana ni kira..."

"Yi shiru, masoyina. Ga ni na zo."

Da gari ya waye ta dafa gahawa. Sai da ta jera kofi uku a tebur, har da na Babo, sannan ta tuna inda take. Ta dafe baki, kafaɗunta na rawa.

Nedim ya rungumo ta, ya jingina wayarsa da kofin na uku.

"Zuba masa," ya ce a hankali. "Bari mu kira shi, ya sha nasa a can."