Ranar Da Ta Kayar Da Mai Hoto

Kafin mai hoton ya ƙara taku ɗaya ta riga ta kai shi ƙasa, ta danne shi da jikinta, kyamararsa ta yi gefe.

"Masoyiya... ni ne fa!"

"Na sani. Don girman Allah kada ka motsa."

Walƙiya ake ce mata a rundunar da ke tsaron manyan baƙin gwamnati, wanda ke kwance a ƙasa kuwa shi ne saurayin da za ta aura. Shugaban wata ƙasa ne ke saukowa daga jirgi, shi kuma garin neman hoto mai kyau ya tsallake igiyar da aka gitta, hannunsa cikin aljihu yana laluben batir.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da zuba masa ido, ita ta kai wa mahaifiyar tasa, Hajiya, waya har ɗaki, tana ƙara gishiri. Hajiya ta rantse ɗanta ba zai auri mai murƙushe maza ba. Shi ma ya yi fushi, ya daina ɗaukar wayar Walƙiya.

Ranar hutunta ta zumbula hijabi ta nufi gidan Hajiya. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce kika tumurmusa mini ɗa a idon duniya?"

"Ni ce, Hajiya..."

Nan ta ba da labari. A na'urar kunnenta ta ji jami'in da ke kan rufi yana cewa ya saita bindiga a kan mai hannu a aljihu, umarni kawai yake jira.

"Na san idan ina kansa, ba za su harba ba."

Carbin Hajiya ya suɓuce. Ta jawo Walƙiya jikinta tana kuka, tana kiranta 'yata. 'Yar gulmar da ke zaune a gefe ta sulale ko sallama babu.

Ashe saurayin yana tsaye a bakin ƙofa, idanunsa sun kaɗa.

"Da an harba fa, abar ƙaunata?"

"Ban tsaya lissafi ba..."

Hajiya ta share hawaye, ta galla masa harara.

"Tsayuwar me kake yi? Maza kira mini kawunka a sa rana, kafin wani mai hankali ya riga ka."