Laka a Idon Uwar Sheƙa

Da hantsi Uwar Sheƙa ta sauko kan dutse, 'yar na'ura mai tashi da ba ta wuce tafin hannu ba. Ta leƙa wata sheƙa a cikin ciyawa, ta haska ƙwayayen da ke ciki, ta tsame ɗaya ta tafi da shi.

Dakta Lantana Maigari ce ta ƙera ta. Birnin Sabon Tsauni ya fasa duwatsun yankin ya gina benaye da su, 'yan kaɗan suka rage, kuma a kansu kaɗai ake samun ɗan tsuntsun da ake kira jan-baya. Akwai kuma ɗan shuni, malalacin da bai taɓa wahalar da kansa da ginin sheƙa ba. Macensa kan faki idon jan-baya ta zuba mata ƙwai, baiwar Allah ta ƙyanƙyashe ta yi ta ciyarwa. Wannan rainin wayo ya ɓata wa Lantana rai, sai ta koya wa na'urorinta gane baƙon ƙwai su fitar da shi.

Jan-baya ta ƙaru, aka yi ta yabon Dakta. Bayan wasu shekaru na'urorin sauraro suka daina jin ɗuriyar ɗan shuni. Ita ta ɗauka zai nemi sheƙar wani tsuntsun, ashe ba mai rainonsa sai jan-baya, kuma duk duniya babu shi sai a nan. Da hannunta ta shafe wata halitta. Ta kashe na'urorin gaba ɗaya, abinci ma ya daina shiga mata.

Ita da Injiniya Sambo, abokin aikinta, suka fita kwaso na'urorin. A Dutsen Kurra, can ƙarshen gari, suka tarar da ta ƙarshe a kan sandar cajinta. Sambo ya juya ta, ya yi dariya, ya ce ga dalilin da wannan ba ta taɓa ba da rahoton baƙon ƙwai ba. Zanzaro ne ya yi gininsa na laka a kan idon da take tantance ƙwai da shi, ya toshe shi ruf, kuma ga alama ya daɗe yana sabunta ginin.

Kafin Lantana ta ba shi amsa ta ji kukan jan-baya daga saman wani icce. Ta ɗaga kai. Mai kukan baƙi ne wuluk, yana sheƙin shuɗi a rana. Ɗan shuni ne, yana rera waƙar uwar da ta raine shi. Wasu suka amsa masa daga bayan dutsen.

Lantana ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, tana ta hamdala. Sambo ya zaro 'yar wuƙarsa zai kankare lakar, ta riƙe masa hannu.

"Bar wa zanzaron gininsa, Injiniya. 'Ya'yansa na ciki."

"To na'urar fa, Dakta?"

"Ai gara da ta makance."

A shekarar, hukumar birni ta cire sunan ɗan shuni daga cikin halittun da suka ƙare, ta hana fasa Dutsen Kurra. Da aka tambayi Lantana wa za a gode wa, ta faɗi gaskiya ta ce zanzaro, aka ɗauka wasa take yi. Har yau na'urar na nan a kan sandarta, kuma duk rani Lantana kan hau dutsen ta ajiye kaskon jiƙaƙƙiyar laka a gindinta.