Direban da Ya Kai Baba Bakin Teku

Chamsou tana durƙushe a falonsu da ke garin McLeansville, can ƙasar waje, tana shirya akwati, hawaye na ɗiga a kan kayan. 'Yarsu Anissa mai shekara huɗu tana zagaya kujera da jakarta.

"Kuka kuma, Maman Anissa?" in ji mijinta Husaini, yana ajiye makullin tasi. "Shekara biyar muna jiran girin kad, takardar zaman ƙasar nan, don mu iya fita mu dawo, ga shi ya zo."

"Idan Baba ya ƙi kallonka fa?"

"Sai in gaishe shi in koma gefe. Gobe in sake gaishe shi."

Tun da aka ɗaura musu aure a Greensboro, kawunta ya yi walicci, mahaifinta Alhaji Tahirou bai sake karɓar wayarta ba. Saƙo ɗaya ya aiko daga Maraɗi: bai tura 'yarsa karatu don ta auri ɗan tasi ba. Yanzu an kai shi Faransa aikin ido, ƙanenta Alassane da ke aiki a can ya kama wani gidan hutu a bakin teku don ya murmure. Hajiya, mahaifiyarta, ta kira a ɓoye ta ce, "Ku zo. In bai sa muku albarka a nan ba, ban san yaushe ba."

Suka hau jirgi zuwa Philadelphia, wani zuwa Paris, sannan jirgin ƙasa har Rennes. A can Husaini ya ɗauki motar haya ya kai su gidan, ɗan ƙaramin gini na dutse mai shuɗiyar ƙofa, inda Hajiya ke jira.

Washegari aka sallami Alhaji. An hana Alassane hutu a wurin aiki, don haka Husaini ne ya je ɗauko shi. A ƙofar asibiti Alassane ya ce cikin sauri, "Baba, ga wanda zai kai ka, yana jin Hausa," ya ruga tashar bas.

Husaini ya durƙusa zai gaisa. Alhaji, ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan yana gani dishi-dishi, ya ce, "Tashi, direba, ƙafata ta gaji."

Kunyar suruki ta kama bakin Husaini. Ya buɗe masa ƙofa kawai.

Ba su yi nisa ba Alhaji ya fara. "An ce mijin 'yata ya zo. Ɗan tasi, irinku — ba da kai nake ba. Ya ɗauke min yarinya ba tare da na ga fuskarsa ba. Ba zan zauna tabarma ɗaya da shi ba."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Azahar ta same su tsakanin gonaki, ana yayyafi. Husaini ya tsaya, ya zuba masa ruwan alwala a hankali yana kare bandejin da tafin hannu, ya wanke masa ƙafa, ya shimfiɗa rigar sanyinsa a ƙasa, ya juya shi gabas. Ya tsaya riƙe da lema a kansa har ya sallame.

Da suka koma mota Alhaji ya ce, "Ɗan wa ne kai? An yi maka tarbiyya. Da irinka 'yata ta samu, da na kwanta da hankalina."

Husaini ya share ido da bayan hannu.

Motar na tsayawa a ƙofar gidan, Anissa ta fito da gudu. "Dadi! Dadi ya dawo!"

Alhaji ya tsaya cak, hannunsa a kafaɗar direban. Chamsou ta zube a bakin ƙofa tana kuka. "Baba, ka yafe min."

"Kai ne?" Alhaji ya tambayi Husaini a hankali.

"Ni ne, Baba."

"Duk abin da na faɗa ka ji, ka yi shiru?"

"Uba ne yake magana."

Alhaji bai ɗauke hannunsa ba. Ya lalubo kan Chamsou da ɗaya hannun. "Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Hajiya, a shimfiɗa tabarma ɗaya. Ni da ɗana za mu ci."

Haka haƙurin shekara biyar ya biya a tafiyar awa biyu. Sana'a ba ta nuna ko wane ne mutum. Halinsa ke nunawa, musamman a gaban wanda bai san shi ba.