Katin Hoton Auta

Sufeto bai ko kai ga zama ba, wani dattijo ya faɗo caji ofis yana jan wani dogon saurayi da wuyan riga. Wata budurwa na biye da su, idanunta jawur.

"Yallaɓai, ga ɓarawo na kawo maka da hannuna," in ji dattijon. "A rufe shi."

"Sake shi tukuna, Baba. Me ya sata?"

Budurwar ce ta yi bayani. Ita ce autar gidan, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta zanen gine-gine. Mahaifinta tsohon direba ne. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinsa, don haka suka je shagon wannan saurayin da ake kira Dogo, aka zaɓi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa mata ta kan tebur. Yau da safe ta kunna, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Da ta buɗe murfin, katin hoto ya ɓace, wato abin da ke fitar da zane a allo. Ranar Litinin za ta gabatar da aikinta na kammala karatu. In ba ta kai ba, sai ta maimaita shekara.

Sufeto ya juya ga Dogo. "Yaushe rabonka da gidan?"

"Tun ranar da na kai musu ita, Yallaɓai. Ban ƙara takawa ba."

"Ƙarya yake!" Dattijon ya zabura. "Uwarta ce ta buɗe masa ƙofa jiya da hantsi, yarinyar tana makaranta!"

Dogo ya sunkuyar da kai. Sai da Sufeto ya ƙyale shi ya gama zufa, sannan Dogo ya ce fankar da ya saka musu da sunan sabuwa, ta hannu ce. Abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya lallaɓa ya canza ta. Ya rantse ya kunna, ya ga allo ya kawo kafin ya fita.

Sufeto ya sa Kofur ya ajiye shi a bayan kanta, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin Auta ƙarami ne: katifa, tebur, takardun zane an nannaɗe an jingine a bango. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Sufeto bai san komai a kan kwamfuta ba in ban da kunnawa da kashewa, amma ya san halin ɓarayi. Ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin.

"Yadda kika tarar da ita ke nan?"

"Murfin kawai na kwance, Yallaɓai. A ɗaure yake tsaf, kusoshi duk a wurinsu."

"Wannan wayar fa, da ta taho daga allo?"

Auta ta leƙa, ta yamutsa fuska. "Ba nan take ba. A ƙasa take, a jikin katin. Wani ya mayar da ita ramin sama."

Sufeto ya daɗe yana kallon wayar. Ɓarawon da ya samu abin da ya zo nema ba ya tsayawa ɗaure kusoshi, balle ya nemar wa waya sabon rami. Wannan so ya yi kwamfutar ta ci gaba da aiki, kada a gane an taɓa ta.

"Jiya akwai wuta?"

"Tun azahar aka ɗauke," in ji dattijon. "Sai yau da asuba."

Ke nan wanda ya soka wayar bayan azahar bai samu damar gwadawa ba.

Sufeto ya koma ofis, ya sa aka fito da Dogo.

"In an cire kati aka soka waya a sama, allo zai kawo?"

"A wata kwamfutar zai kawo, Yallaɓai. A tata ba zai kawo ba ko za a kwana ana dannawa."

"Dalili?"

"Firosesa iri biyu ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Akwai mai fitar da hoto da kanta, akwai wadda sai da kati. Ta biyun ta fi araha. Yayanta ne ya zo da su ranar, ya dage sai mai hoton, aka ajiye masa ita a kan tebur. Ana nan aka kira shi a waya ya tafi. Sai na ce mata, ke da za ki yi zane mai nauyi, ki ɗauki mai arahar, rarar ki zuba a kati mai kyau. Ta yarda."

"Yayan ya san an canza?"

"Cewa ta yi kada in faɗa masa. Wai ba ya son a tsallake maganarsa a kan kwamfuta."

A gidan, Injiniya ake kiran yayan. Ya yi kwas ɗin kwamfuta shekarun baya, aiki bai samu ba, ya buɗe ɗan ɗakin buga wasannin kwamfuta a bakin titi. Da Sufeto ya koma gidan, ya tarar da shi a falo tare da mahaifinsa da Auta, yana ta faɗa a kan masu shagon da ba su da amana.

"Jiya ina ka wuni?"

"A wurin aikina, Yallaɓai. Ban shigo ba sai magariba."

"An ce kai ne masanin gidan. Taimaka mini, ni ban iya ba. Katin nan da aka cire, shi ya kashe allon?"

Injiniya ya gyara zama. "Ko kusa. Ko ba kati ya kamata ta kawo, muddin waya na ramin sama. Firosesar tana da hoto a cikinta, ni na zaɓe ta da kaina. Dogo dai ya lalata wani abu."

"Wa ya ce maka wayar tana ramin sama?"

Injiniya ya kawar da kai.

"Dogo ya san ba za ta kawo ba, shi ya haɗa ta," in ji Sufeto. "Ƙanwarka ta sani, ita ta yarda aka canza firosesar bayan ka tafi. Baba bai san ramin sama da na ƙasa ba. Mutum ɗaya ne kaɗai zai soka wayar nan a can, ya tafi hankalinsa kwance."

Injiniya ya juya ga Auta. "Kun canza?"

Ta gyaɗa kai, ba ta dube shi ba.

Sufeto ya aiki Kofur ɗakin wasan. Bai jima ba ya dawo riƙe da katin a cikin leda. A babbar kwamfutar wurin ya same shi, da ɗuminsa.

"Katina ne ya ƙone," in ji Injiniya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Masu zuwa duk sun koma wani wuri. Na ɗauka tata za ta ɗan yi nauyi ne kawai, ba za ta lura ba. Baba, ni da na karanta abin, ko linzamin kwamfuta ba ka taɓa saya mini ba."

Dattijon ya zauna daɓas. Kunya da baƙin ciki suka haɗe masa. "Yallaɓai, a bar maganar nan a gida."

"Ba a gida ta tsaya ba, Baba. Ka ja ɗan mutane a titi kana kiransa ɓarawo, tun safe yana bayan kanta. Ɗanka zai je ya ba da bayani, sauran a can za a yi."

A ƙa'ida katin ya zama hujja, ofis ya kamata ya tafi. Sufeto ya tuna da Litinin. Ya sa Kofur ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya miƙa wa Auta.

"Bari in mayar miki," in ji Injiniya.

"Bar shi, Yaya."

Ita ta saka katin, ta zare wayar ta mayar da ita ƙasa, ta danna. Allo ya haskaka. Aikinta ya fito: gidansu ne, ta sake masa fasali, ta ɗora bene. A ƙasa, ta gefen titi, akwai shago mai faɗi da tebura a jere.

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. "Wannan shagon fa?"

"Naka ne," ta ce, ba ta waiwayo ba. "So na yi sai na ci jarrabawar in nuna maka."

Kofur ya taɓa masa kafaɗa. Bai yi gardama ba, ya bi shi zuwa mota.