Wa Ya Musanya Furosesar Injiniya?

Ƙarfe tara na safe wani mai haɗa kwamfuta, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, ya faɗo ofishin 'yan sanda wujiga-wujiga.

"Ranki ya daɗe, an sace mini furosesa! Ga shi ƙarfe huɗu za a fara gasa!"

Sufeto, wadda ko wayarta sai 'yarta ta saita mata, ta ajiye biro. "Gasar me?"

"Ta ƙure wa kwamfuta gudu. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwarta. Kamfani ya ce gudun giga huɗu za ta yi, mu kuma mu ƙara mata wuta, mu sanyaya ta, mu tura ta iya ƙarfinta. Tawa biyar da rabi take yi. Wata shida ina lallaɓa ta."

A shagonsa, Injiniya ya kwance fankar kwamfutar. Ga furosesa zaune daram.

"Malam, ba ga ta nan ba?"

"Ba ita ba ce! Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma wannan raguwa ce, da ta kai biyar sai ta suma. Haka suke, kamar 'yan ɗaki ɗaya, wani ya fi wani ƙwazo."

Sufeto ta sunkuya. Wani mai toka-toka ya malale har gefe.

"Man sanyaya ne," in ji Injiniya. "Ni ɗigo ɗaya nake yi a tsakiya. Wannan da yatsa aka damalmala shi."

Mutum biyu ke da makullin shagon: Dogo mai gyaran waya, da yayan Injiniya, wanda ya koya masa sana'ar.

Dogo ya rantse bai taka shagon ba. Sufeto ta nuna sukundireban Injiniya a teburinsa.

"To, aro na yi," ya ce yana sosa ƙeya. "Amma ni da kwamfuta sai kallo."

Shi kuwa Yaya, ya tarbe su da fara'a, hannunsa na dama cikin aljihu. "Ni ai tun bara na bar wannan wasan yaran."

"Sa mini hannu a nan," in ji Sufeto, ta miƙa masa takarda. Ya karɓi biro. Ga toka-toka a ƙarƙashin farce.

Sufeto ta karɓe takardarta. Sai ta juya ga Injiniya, ta taɓe baki. "Ka haƙura kawai. Na tambayi masana, sun ce ƙarya kake, furosesar da aka sace maka ko biyar ba ta kaiwa."

"Wa ya ce?" Yaya ya zabura. "Biyar da ɗigo takwas ta ba ni ɗazun nan, ko gezau ba ta..."

Sai ya kama baki. Kash! Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni ne," Yaya ya ce, kai a ƙasa. "Tana cikin tawa. Haba, ni na koya masa riƙe sukundireba, a ce ya kayar da ni gaban jama'a?"

Aka ciro furosesar, Injiniya ya karɓe ta hannu bibbiyu, baki har kunne don murna. Kofur ya tasa Yaya gaba zuwa mota. Har an rufe ƙofa sai ga Injiniya a guje, yana bubbuga gilashi.

"Yaya, na yafe, wallahi na yafe! Amma don Allah, wuta nawa ka ba ta?"