Tayar da Nafi'u Ya Ɗaure

Ku matso kusa. Ke Jummala, ajiye wayar nan. Ba zan ɗaga murya ba, don wadda zan ambata tana da kunne.

Tungar Maje da wutar rana suke rayuwa. Farantan sola ne shimfiɗe a bayan gari, iya ganinka. Ita kuwa wutar rana ba ta da nauyi. Gajimare ya gifta, ta sunkuya. Masu markaɗe su tada injuna lokaci guda, ta yi tangaɗi. Mafi hatsari magariba: rana na faɗuwa, kowane gida na kunna fitila da fanka, kafin batura su karɓi kayan akwai ɗan tsakanin da gari zai iya faɗawa duhu.

Abin da ke riƙe wannan tsakanin wata ƙatuwar tayar ƙarfe ce a tsohon ɗakin janareto, can ƙarshen fili. An daɗe da daina zuba wa injin mai, amma tayar ba ta daina juyi ba, nauyinta ne ke daidaita wutar. Wa ke juya ta? Ma'aikata ba sa tambaya. Sun dai san ba a shiga ɗakin sai da sallama, kuma ba a taɓa ta.

Sai aka naɗa Nafi'u shugaban tashar wutar. Ɗan garin ne fa, a gaban mutane ya yi rarrafe. Wani ɗan kwas ya je birni, ya dawo yana taku kamar shi ya rataye rana a sama. In ya gaishe ka sai ka ji kamar zaginka ya yi. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tsayawa gaban farantai a ɗauke shi hoto.

Ranar da manyan baƙi za su zo, gurnanin tayar ya dame shi. Wai tsohon ƙarfe mai tsatsa zai kunyata shi.

"A tsayar da tarkacen nan."

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa ta," in ji wani ma'aikaci.

"Ƙauyanci!" Ya ja tsaki.

Da ƙafa ya banke ƙofar, ba sallama. Ya ja birki, ya zarga sarƙa, ya datse kwaɗo. Baƙi suka zo da rana tsaka, lokacin da ko jariri aka bar wa tashar wuta ba za ta motsa ba. Suka tafa masa. Sakaran ya ɗauka gwanintarsa ce.

A ranar kuwa mahaifiyarsa, Inna Kubura, tana kwance a asibitin garin, na'urar iska ce ke taya ta numfashi. Asibitin ba shi da wata wuta sai ta tashar.

Rana ta yi ja. Ma'aikata suka tafi alwala, ya rage shi kaɗai. Fitilar ofis ta lumshe, ta buɗe. Ta sake lumshewa. Fanka ta fara jan ƙafa. Waya ta yi ƙara, ƙanwarsa Ramlatu ce.

"Yaya, na'urar Inna tana ɗaukewa tana dawowa. Leɓenta ya yi baƙi. Me ke faruwa da wutar?"

Ya danna wannan, ya murɗa wancan. Banza. Sai a lokacin tsoro ya shige shi, ya wawuri makulli ya fita a guje.

Hanyar ɗakin siririya ce, tsakanin layukan farantai. Ba kukan gyare. Ba iska. Takunsa kawai yake ji, sai ya lura sautin yana riga ƙafarsa sauka.

A bakin ƙofar wata tsohuwa ce zaune. Hannayenta na kan cinya, manya-manya, tafin duk ya yi kanta saboda aiki.

"Iya, matsa in wuce."

"Yanzu ma ba sallama?"

Bakinta bai motsa ba. Daga ƙasa muryar ta taso, tana gurnani kamar taransifoma, har haƙoransa suka amsa. Ya sunkuyar da kai. Ƙarƙashin zanenta kofato ne, irin na jaki.

Ya raɓa ta gefe, ya buɗe kwaɗo, ya zare sarƙa, ya saki birki. Tayar ko gezau. Ya sa kafaɗa ya tura. Kamar ya tura dutse.

"Iya, don Allah."

"Na huta. Tun ranar da manku ya ƙare nake tura ta. Ban nemi hatsi ba, ban nemi jini ba. Gaisuwa kawai."

"Uwata ce za ta mutu."

"Na sani. Kubura ba ta taɓa wuce ni ba ta gaishe ni ba. Don ita zan ara maka hannu. Kai ko kallo ba ka ishe ni ba."

Ta dafa masa kafaɗar dama. Sanyi ya ratsa shi har ɓargo. Hannun ya tashi da kansa, ya kama tayar, ya fara juyi. A hankali. Sannan da ƙarfi. Ta taga ya hango fitilun gari sun tsaya cak, sun daina ƙifce. Da ya waiga, ba kowa a bakin ƙofa.

Sai da rana ta fito hannun ya sake shi.

Inna Kubura ta warke, ta koma gida da ƙafarta. Amma tsohuwar ba ta dawo bakin aikinta ba, kuma ba ta karɓi aronta ba. Kullum rana ta yi ja, hannun Nafi'u zai fara juyawa daga kafaɗa, ya ja shi zuwa ɗakin ko yana tsakiyar cin tuwo. An taɓa ɗaure shi da igiya, gari ya kwana a duhu, mutane da kansu suka kwance shi. Yanzu uwar ce ke ba shi abinci a baki da safe, don hannun ba ya iya ɗaga cokali. Ba ta san dalili ba, shi kuma ba shi da bakin faɗa mata.

In Allah ya kai ku Tungar Maje, kada wanda ya bi hanyar farantan nan shi kaɗai da magariba. Ba tsohuwar nake jiye muku ba. Nafi'u ya gaji, kuma ya ga yadda ake miƙa aikin. In ya kira ku, ku amsa daga nesa. Kada ku bari ya dafa ku.